Ƙaramar Laftof: Me Aka Cire Kafin Ta Yi Araha?

Duk shekara, da zarar jami'o'i sun fara sakin sunayen waɗanda suka sami gurbin karatu, wayata ba ta hutawa. 'Yan uwa, maƙwabta, iyayen ɗalibaina, tambayar kusan guda ce: "Malam, an ce yaron nan sai da laftof. Ga abin da ke hannuna. Wacce za mu saya?" Abin da ke hannun kuwa bai cika kai wa ga manyan kwamfutoci ba, saboda haka maganar takan dawo kan ƙananan nan marasa nauyi, masu allon inci 11 zuwa 14, waɗanda ake jerawa a gaban shago domin kuɗinsu ne ke kiran mai wucewa. Ni malamin makaranta ne mai yawan rubutu, ban karanci injiniyanci ba. Sai dai tun da irin waɗannan injuna suka fara shigowa kasuwanninmu nake aiki da su, kuma duk abin da na koya a kansu ya taru a wuri ɗaya: kafin kuɗin kwamfuta ya sauka, sai an cire mata wani abu. Aikin mai saye shi ne ya gano abin da aka cire, sannan ya tambayi kansa ko zai iya zama babu shi, ko kuwa akwai hanyar mayar da shi daga baya.

Asalin abin ma da yaran ƙasashe irin namu aka faro shi. A 2005 ne Nicholas Negroponte na jami'ar MIT ta Amurka ya fito da shirin ƙera kwamfutar dala 100 domin 'yan firamare, kuma a watan Nuwamba na shekarar aka nuna samfurinta a birnin Tunis tare da Kofi Annan. Ita ce XO, 'yar kore da fari mai kunnuwa biyu na kama sadarwa, wadda aka gwada a firamaren Galadima da ke Abuja a 2007. Kuɗinta bai taɓa sauka zuwa dala 100 ba, ya tsaya kusa da 200, amma ta farkar da 'yan kasuwa. A ƙarshen 2007 kamfanin Asus na Taiwan ya fitar da Eee PC: allo inci 7, nauyi bai kai kilo ɗaya ba, RAM megabait 512, rumbun ajiya giga 4 kacal, tana tafiya da Linux, a kan dala 399. Mutane suka yi mata rubdugu. Kafin shekara ta zagayo, kusan kowane kamfani ya fito da tasa.

Tawa ta farko daga wannan zuriya take: allo inci 10, firosesa Atom N270, RAM giga 1, rumbu giga 160, da Windows XP. Wanda ya zaga shaguna a wancan lokaci zai tuna cewa ko Acer Aspire One ya ɗauka, ko HP Mini, ko Samsung NC10, ko MSI Wind, kayan cikin kusan ɗaya ne, fenti ne ya bambanta. Akwai dalili. Microsoft ta yarda ta ba kamfanonin XP a farashi mai sauƙi, bisa sharaɗin kada RAM ya wuce giga 1, kada allo da rumbu su wuce wani girma da ta ƙayyade. Wato wani ɓangare na ƙanƙantar waɗannan injuna a kan takardar ciniki aka yanke shi. Sanin wannan ya sa na daina kallon jerin kayan da ke jikin kwali a matsayin iyakar abin da fasaha za ta iya. Sau da yawa iyakar abin da ɗan kasuwa ya ga zai fisshe shi ne.

Firosesar nan ba ta da sauri, kowa ya sani. Amma wutar da take ci ba ta wuce wat 2.5 ba, cajar kwamfutar kuma ta wat 30 zuwa 40 ce, a lokacin da manyan laftof ke zuwa da caja mai wat 65 ko 90. Masu sharhi a ƙasashen da wuta ba ta yankewa sukan fara auna sauri, su ajiye maganar batir a ƙarshe. A wurinmu lissafin a juye yake. Lokacin haɗa sakamakon jarabawa, in aka ɗauke wuta da hantsi, abokan aikina masu manyan kwamfutoci sukan rufe su kafin azahar, su jira a tayar da janareta. Tawa mai batir ɗin nan na sel 6, wanda ya turo baya har yana ɗaga ta kaɗan daga tebur, takan kai ni la'asar. Takardun darasi, tambayoyin jarabawa, fassarar da nake yi da dare, duk a kanta suka fito. Kwamfutar da take kunne tana tafiya a hankali ta fi min mai gudu da take kashe, kuma har yau ban canza ra'ayi a kan wannan ba.

Saboda haka batir nake fara dubawa, kuma ba na tsayawa ga bakin mai shago. Zai ce maka "awa takwas take yi", ko ya nuna maka wata babbar lamba ta mAh. Wannan lamba ita kaɗai ba ta gaya maka komai sai ka haɗa ta da ƙarfin bolt. Ma'aunin da ke da amfani shi ne Wh, kuma yawanci a rubuce yake a jikin batirin. In babu, lissafin mai sauƙi ne: batir mai bolt 7.6 da mAh 5000 ya ba ka Wh 38, mai bolt 11.1 da mAh 4400 ya ba ka kusan Wh 49. Ka ga na biyun ya fi, duk da lambarsa ta mAh ta fi ƙanƙanta. Ƙaramar laftof da ke shan wat 6 ko 7 a aikin rubutu za ta yi awa biyar zuwa shida a kan Wh 38. In ta hannu ce, akwai abin da ya fi wannan muhimmanci: nawa ya rage a cikin batirin? A Windows, in ka buɗe wurin rubuta umarni ka sa powercfg /batteryreport, za ta fitar maka da takarda mai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da kuma wanda yake iya ɗauka yanzu. Na ga batura da dama da ke nuna caji ɗari bisa ɗari a kusurwar allo, alhali rabin ƙarfinsu ya riga ya tafi.

Ƙarancin cin wuta yana da wata riba da ba a cika faɗa ba. Yawancin ƙananan laftof na yanzu masu Celeron N4020 da 'yan uwanta, waɗanda aka tsara a kan wat 6, ba su da fanka sam. A garin da hunturu ke cika ɗaki da ƙura ko an rufe taga, wannan alheri ne. Fanka iska take zuƙa, ƙura kuma ta biyo ta, ta taru a mafitar zafi har ta toshe ta. Wanda ya taɓa tsayawa a kan mai gyara yana buɗe laftof ɗin da ta shekara biyu a Kano ya san abin da ake tararwa a ciki. Marar fanka ba ta da wannan matsala, ba ta kuma da ƙara. Amma da bazara, in zafi ya haura digiri 40, ba ta da hanyar huce kanta sai ta rage gudu, sai ka ga abin da take yi da sauƙi da safe ya zame mata aiki da rana. Zafi kuma shi ne babban abokin gabar batirin litiyom. Shi ya sa nake hana ɗalibaina ɗora ta a kan katifa ko filo, ko barin ta a mota a rana. In ka ga wurin shafa yatsa ya fara tasowa, ko ƙasanta ya ƙi zama daidai a kan tebur, batirin ne ya kumbura, kuma a ranar ya kamata a cire shi.

Darasin da ya fi kowanne tsaya min a rai kuwa a ƙarƙashin kwamfuta yake. Tawa ta farko tana da 'yar ƙofa a ƙasa, mai noti biyu. Da aiki ya fara yi mata nauyi, mai gyara ya buɗe, ya zare RAM na giga 1 ya sa na giga 2. Bayan wasu shekaru rumbunta ya fara ƙara. Irin tsohon rumbun nan ne mai faifai a ciki da ke juyawa sau 5400 a minti, da allura tana karantawa, kuma girgizar adaidaita sahu ba ta yi masa daɗi. Aka cire shi aka sa SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa, sai ga ta tana tashi da wuri fiye da ranar da aka saye ta. Batir ya gaji, na zare shi da hannuna ta baya na sa wani. Duk abin da aka rage mata don ta yi araha, an bar min hanyar ƙara shi a lokacin da aljihuna ya yarda.

Zamanin waɗannan injuna bai daɗe ba. iPad ya fito a 2010, wayoyi suka ƙara girma da wayo, kuma zuwa ƙarshen 2012 Asus da Acer sun daina ƙera su. Waɗanda suka gaje su bayan 'yan shekaru sun fi su kyau a ido: sirara, masu launi, allo inci 11.6, ga sauƙin ɗauka. Amma an shafe ƙofar nan ta ƙasa.

Wata 'yar yayata ce ta kawo min irin wannan, sabuwa fil mahaifinta ya saya mata da za ta shiga aji ɗaya a jami'a. Ba ta gama shekarar ba ta kira ni. "Kawu, kullum sai ta ce min babu wuri, kuma wallahi ban sa mata komai ba, ko fim ɗaya babu." Gaskiya ta faɗa. RAM ɗinta giga 2 ne, rumbunta giga 32, wanda a zahiri kusan 29 ake samu, kuma manhajar da ke tafiyar da ita ta riga ta cinye mafi yawansa tun kafin a buɗe kwali. Muka kai wa mai gyarana, mutumin da na daɗe ina hulɗa da shi. Ya kwance ta, ya duba, ya turo min ita in gani da idona. "Malam, ka ga RAM ɗin nan, ka ga rumbun. Duk an narke su da dalma a jikin bod. Babu ramin da za a sa wani abu. Yadda ta zo haka za ta ƙare." Irin wannan rumbu shi ake kira eMMC, irin wanda ake sa wa wayoyi masu sauƙin kuɗi. Ya fi tsohon mai faifai jure girgiza, amma bai kai SSD sauri ba, kuma in ya cika ya cika, in ya mutu ya tafi da kwamfutar da abin da ke cikinta. Muka sa mata katin memori don ajiye takardu, ta lallaɓa da ita, amma kafin ta kai aji uku sai da aka sake neman wasu kuɗin.

Abin ya dame ni, domin na san yadda aka haɗa kuɗin farko. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, haka ne. To amma mahaifin yarinyar nan bai san rariya aka ba shi ba. Kwali ya ce giga 32, mai shago ya ce sabuwa ce, babu wanda ya gaya masa cewa lambar nan ba za ta taɓa ƙaruwa ba. A 2019 Microsoft da kanta ta ɗaga mafi ƙarancin rumbun da Windows 10 ke buƙata zuwa giga 32. Windows 11, da ta fito a 2021, tana neman giga 64 da RAM giga 4 kafin ma ta yarda ta shiga. Tallafin Windows 10 kuma ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025. Duk da haka har gobe za ka tarar da masu giga 32 a kan kanta, a goge tas, ana kiran su sababbi. Ni dai na yanke: ba na ba kowa shawarar sayen mai RAM ƙasa da giga 4, kuma ko mai 4 ɗin sai in akwai ramin ƙari, domin shafukan intanet na yau sun ninka na 2009 nauyi, burauza kaɗai tana iya cinye shi. Rumbu kuwa, in eMMC ne, sai na tabbatar akwai wurin sa SSD a gefe. Wasu ƙananan suna da shi, a ɓoye, ko mai shagon bai sani ba.

Sai abubuwa biyu da ba a canzawa, kuma su ne jikinka ke taɓawa kullum: kibod da allo. Mutane sukan yi ta jayayya a kan firosesa su manta da su. Kibod ɗin masu inci 7 na farko, babban mutum ba ya iya rubuta shafi guda a kai ba tare da yatsunsa sun yi karo ba. Na masu inci 10 ya ɗan fi, amma sau da yawa an matse maɓallin Shift na dama an cusa shi kusa da kibiya, sai ka je yin babban baƙi ka tsinci kanka a layin sama. Mai rubutun Hausa yana da ƙarin abin dubawa. Ni da maɓallin Alt na dama nake fitar da ɓ da ɗ da ƙ, saboda haka in ya yi ƙanƙanta ko yana maƙalewa, wannan kwamfutar ba tawa ba ce ko nawa aka rage min. Na hannun da ke shigowa daga Turai kuma sukan zo da jerin baƙaƙen ƙasarsu, AZERTY na Faransa ko QWERTZ na Jamus, wani lokaci an manna takarda a kan maɓallan don a ɓoye. Ga ɗalibin Maraɗi ko Damagaram da ya yi boko da Faransanci, AZERTY shi ne gida. Ga na Zariya ko Katsina, ruɗani ne na watanni.

Allon zamanin farko mai ɗigo 1024 a faɗi da 600 a tsaye yana da wata wahala da duk wanda ya yi amfani da shi zai tuna: akwatin saƙo ya buɗe, maɓallin amincewa ya faɗa ƙasan allo inda ba ka ganinsa, sai ka yi ta danna Tab kana ƙiyasi. Yanzu mafi ƙaranci 1366 da 768 ne, kuma a kan inci 11 ya wadatar. Abin da nake dubawa shi ne irin gilashin. Ka karkata allon gaba da baya; in launi ya dushe ko ya koma baƙi, mai araha ne da ake kira TN, kuma mutum biyu ba za su ji daɗin karatu tare a kansa ba. Wanda bai canza ba shi ne IPS. Sannan ka fita da ita bakin ƙofar shago. Mai sheƙi fuskarka kawai zai nuna maka a cikin hasken rana, alhali ɗalibinmu a gindin bishiya ko barandar aji yake yawan karatu. Allon XO, wanda Mary Lou Jepsen ta tsara, ana karanta shi a tsakiyar rana tsaka. Ina jin takaicin cewa a cikin duk abin da 'yan kasuwa suka ɗauka daga waccan kwamfuta, wannan da ya fi dacewa da mu shi suka bari.

Chromebook kuwa, waɗanda suka cika kasuwa bayan makarantun Amurka sun saye su da yawa a lokacin korona suka kuma fara sauke su, suna da batir mai kyau da jiki mai ƙwari, ga araha. Amma ba Windows ke cikinsu ba, mafi yawan aikinsu da intanet ne, kuma manhajoji irin su AutoCAD da SPSS da malamai ke nema ba sa hawa kansu kai tsaye. Kowace kuma tana da ranar da sabuntawa ke tsaya mata, wasu ma suna zuwa a kulle da sunan makarantar da ta mallake su. Ga mai rubutu da karatu kawai, wanda ke da data, suna da amfani. Kafin a saya wa ɗalibi, a tambayi sashensa.

Wannan tambaya ta sashe ita nake fara yi wa iyaye yanzu. Mai karanta Hausa, shari'a, tarihi ko ilimin addini, aikinsa rubutu ne da karanta littattafai a allo. Ƙaramar laftof mai Intel N100, wadda ta fito a 2023 da ƙwayoyin aiki huɗu a kan wat 6 ɗin nan dai, tare da RAM giga 8 da SSD, za ta kai shi ƙarshen karatu lafiya. Mai karanta zanen gine-gine ko injiniyanci, gara a ƙara haƙuri a tara kuɗi. In kuwa kuɗin sun tsaya tsakanin sabuwa mai narkakken ciki da tsohuwar ta ofis mai inci 12.5, irin su ThinkPad X270, Latitude E7270 ko EliteBook 820, ni tsohuwar nake zaɓa. An ƙera su don ma'aikatan da ke yawo da su kullum, hinjinsu da kibod ɗinsu sun fi ƙwari, ana ƙara musu RAM, ana canza musu SSD da batir, kuma kayansu na samuwa a wurin masu gyara. Sun ɗan fi nauyi, suna da fanka da za a riƙa sharewa, batirinsu ma sau da yawa sai an sake. Akwai kuma maganar zubi: Windows 11 a hukumance daga zubi na 8 na firosesar Intel Core take farawa, waɗannan kuwa sun gaza haka. Wanda wannan ya dama sai ya nemi wadda ta kai, ko ya koyi Linux Mint, wadda na ga ta tayar da injuna da dama da aka riga aka fid da rai da su.

In na raka mutum kasuwa, nakan roƙi mai shago kujera da rabin awa. In cire caja in ga yadda batir ke sauka. In rubuta sakin layi guda da Hausa, in taɓa kowane maɓalli. In soka filashi a kowane rami, in duba ko akwai na HDMI don ranar da za a gabatar da aiki a majigi. In duba ko tana caji ta USB-C, domin wadda ke yi ana iya cika ta da babban fawabank ko ƙaramin sola, ba sai an jira wuta ba. In buɗe murfin in rufe, in saurari hinji. Daga nan sai in nemi a kwance ƙasanta a gabana. Masu gaskiya a cikinsu ba sa musu, wasu ma su ke fara ɗauko sukuddireba. Wanda ya ce ba a buɗewa, nakan yi masa godiya in shiga shago na gaba.